Shin hoton ciki yana gano ciwon zuciyar jariri tun kafin haihuwa?

Tambaya: Likita, ni mazauniyar Tudun Jukun ce a nan Zariya. Bara waccan na haifi ɗa namiji lafiya ƙalau, ya yi kuka, ya kama nono. A kwana na huɗu sai ya fara numfashi sama-sama, ya ƙi nono, leɓensa ya yi duhu, kafin mu isa asibiti rai ya yi halinsa. Likitan da ya gan mu ya ce mai yiwuwa zuciya ce. Ga shi a wancan cikin sau biyu na yi sikanin, duka aka ce komai lafiya. Yanzu ina da ciki wata huɗu. Akwai hoton da zai nuna zuciyar wannan tun yana ciki? Surukata kuma ta ce yawan sikanin yana cutar da ɗa.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya jiƙan yaron, ya sa mai ceto ne, wannan kuma ya sauke ki lafiya. E, akwai hoton, kuma kin yi tambayar a kan kari, domin lokacinsa daidai yake da inda cikinki ya kai ko ya kusa kaiwa. Amma ba irin wanda aka yi miki a baya ba ne, kuma daga nan zan fara, don na san abin da ke cin ranki shi ne yadda aka ce komai lafiya sannan abin da ya faru ya faru.

Sikanin da mafi yawan mata ke yi a wuraren hoto na cikin gari minti biyar ne ko goma. Mai hoton zai duba ko ɗan yana da rai, yadda ya kwanta, yawan ruwa, inda mabiyiya ta zauna, ya auna kai da cinya ya faɗi lokacin haihuwa. Idan ya rubuta cewa zuciya tana bugawa, iyakar abin da ya gani ke nan: tana bugawa. Bai ce ginin cikinta daidai yake ba, domin bai shiga ya duba ba. Mu ma da namu laifin, tambayar da aka fi yi wa mai hoto ita ce namiji ne ko mace, da an ji amsa sai a ɗaura zane a tashi. Saboda haka ba lallai ƙarya aka yi miki ba. Abin da aka je nema daban, abin da ya ɓuya daban.

Wanda kike bukata mataki biyu ne. Na farko shi ne hoton binciken halitta, wanda ake yi tsakanin mako na 18 da na 22, wato daga wata huɗu da ɗoriya zuwa wata biyar, a bi jikin ɗan gaɓa-gaɓa tun daga ƙwaƙwalwa har ƙafa, har da zuciya. Na biyu shi ne hoton zuciya zalla, wanda mu a asibiti muke kira eko na ɗan tayi. Shi wannan yakan ci rabin awa zuwa awa guda, kuma wanda ya koyi aikin takanas ne ke yin sa, galibi likitan zuciyar yara ko likitan mata da ya ƙware a kan ciki mai haɗari. Macen da ta rasa jariri yadda kika rasa naki ta cancanci na biyun kai tsaye, ko da na farkon ya fito sumul.

Maganar surukarki kuwa, ki gaya mata cikin ladabi cewa wannan na'ura ba ta da haske mai ƙuna irin na hoton ƙashi. Sauti take aikawa, mai sirantakar da kunnen mutum ba ya ji, ya bugi abin da ke ciki ya dawo, kamar wanda ya yi kira a gindin dutsen Kufena ya ji amsa-kuwwa. Na'urar ta lissafa daɗewar da sautin ya yi kafin ya dawo, ta zana hoto. Tun 1958 wani likita a birnin Gilasgo mai suna Ian Donald ya wallafa aikinsa a kan wannan dabara, daga nan aka shiga duba masu juna biyu da ita a duniya, kuma a shekaru sama da sittin ɗin nan ba a tabbatar da wata cutarwa ga ɗa ba idan an yi shi bisa ƙa'ida. Inda Inna take da gaskiya shi ne ba abin wasa ba ne da za a riƙa yi kowane mako don kallon fuska. A yi shi don dalili, kuma naki dalilin ya isa.

Ki ɗauki zuciya a matsayin gida mai ɗaki huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa, da katanga a tsakiya wadda ta raba dama da hagu. Tsakanin ɗakin sama da na ƙasa akwai ƙyaure mai buɗewa gefe guda. Ɓangaren dama yana karɓar jinin da jiki ya gama amfani da shi ya tura shi huhu ya ɗebo iska. Ɓangaren hagu yana karɓar wanda ya dawo daga huhu ya watsa wa jiki. Manyan bututu biyu ke fita daga ɗakunan ƙasa, ɗaya zuwa huhu, ɗaya zuwa jiki, kuma a wurin fitarsu ɗaya yana ƙetare ɗaya kamar an gicciya sanda biyu. Wannan gini yana fara bugawa wajen kwana 22 da shigar ciki, kafin mace da yawa ta gane ta yi ɓatan wata, kuma kafin cikin ya cika wata uku an gama fasalinsa. Mafi yawan abin da ke karkacewa, a waɗannan makonni yake karkacewa. Na faɗi haka ne don kada ki zauna kina zargin wani aiki da kika yi ko abin da kika ci a watan takwas.

A wata biyar zuciyar ɗan ba ta wuce kan babban yatsanki ba, tana bugawa sau 120 zuwa 160 a minti, ninki biyun taki, ga mai ita ba ya zama wuri ɗaya. Shi ya sa aikin yake bukatar na'ura mai kyau, amma ya fi bukatar hannu da ido. Sanin wurin bugu shi ne ƙira. Mai dubawa zai fara tabbatar da cewa zuciyar da tumbi suna hagu, sannan ya kawo ɗakuna huɗun a fuska ɗaya ya ga ko girmansu ya yi daidai, katangar a cike take, ƙyamaren suna buɗewa suna rufewa. Wannan kallon na ɗaki huɗu likitocin Landan ne suka yaɗa shi a shekarun 1980, musamman wata likita mai suna Lindsey Allan, kuma ya taimaka ƙwarai. Sai dai daga baya aka gane shi kaɗai yana barin manyan cututtuka su wuce, don haka aka ƙara da ɗaga na'urar sama kaɗan a bi bututun nan biyu daga tushensu, a ga sun gicciye, a ga kaurinsu kusan ɗaya, a bi su har inda suka lanƙwashe kusa da maƙogwaro.

Sai a kunna launi. Idan kina tsaye a Kwangila babbar mota ta taho tana hon, za ki ji sautin ya yi tsini yayin da take tahowa, ya yi kauri da ta wuce. Da wannan ƙa'idar, wadda ake kira Dofla, na'urar take gane inda jini ya nufa da saurinsa, ta shafa masa ja ko shuɗi a kan allo. Mata da yawa idan suka ga shuɗin sai gabansu ya faɗi, su ɗauka mugun jini ne. Ba haka ba ne. Ja na nufin jinin yana tahowa wajen na'urar, shuɗi yana nisanta, shi ke nan. Da launin ake kama ƙyauren da ke yoyo, ko ƙaramar huda a katanga, ko jinin da ke tafiya baibai a cikin bututu. Sababbin na'urori kuma suna iya naɗe zuciyar gaba ɗayanta cikin 'yan daƙiƙu, a ajiye a kwamfuta, a juya ta ta kowace fuska daga baya, ko a aika wa ƙwararre a wani gari ya duba. Wannan yana da amfani a wurinmu inda ƙwararrun ba su da yawa. Amma kada sunan 3D ko 4D da ake rubutawa a allon talla ya ruɗe ki. Hoton fuskar jariri mai kyan gani ba ya faɗin komai a kan zuciya. Baƙi da fari na yau da kullum a hannun wanda ya iya shi ne ginshiƙin aikin.

Yanzu ga abin da na fi so ki riƙe, domin shi ne zai fassara miki abin da mai yiwuwa ya sami ɗanki, kuma shi ne dalilin yin hoton tun asali. Ɗan da ke ciki ba ya numfashi da huhunsa. Ta cibiya yake samun iska daga gare ki. Saboda haka Allah ya yi masa hanyoyin ratse guda biyu da jini ke bi ya kauce wa huhu: wata 'yar taga a katangar ɗakunan sama, da wata gajeriyar gada da ta haɗa manyan bututun nan biyu. Muddin waɗannan suna buɗe, jariri mai zuciyar da ta lalace sosai yana iya girma a ciki ba tare da wata alama ba, yana motsi, awo yana tafiya daidai. A haife shi ya yi kuka, ya sha nono, kowa ya yi barka. Sannan gadar ta fara tsukewa, kamar yadda take yi ga kowane jariri a kwanakin farko. Ga mai lafiyayyar zuciya ba komai. Ga wanda bututun jikinsa ya tsuke, ko ɗakin hagunsa bai girma ba, ko hanyar huhunsa ta toshe, wannan gadar ce kaɗai rayuwarsa ta rataya a kai. Da ta rufe sai numfashi ya rikice, jiki ya yi sanyi, nono ya gagara, sau da yawa kafin ranar suna. Yaron da ya yi kwana uku lafiya ya faɗi a na huɗu, wannan yana cikin abubuwan farko da muke tunani, tare da shigar ƙwayar cuta cikin jini, wadda ita ma kamanninta ke nan. A gida kuwa sai a ce iska ce ko baki, a tsaya hayaƙi da rubutu, lokaci ya wuce.

Akwai magani da ke hana gadar rufewa, sunansa furostagilandin, ana ba da shi ta jijiya a hankali ba yankewa. Ba ya warkarwa, amma yana sayen kwanaki har a kai ga aiki. Ba kowane asibiti ke ajiye shi ba, kuma neman sa da tsakar dare ga jaririn da ya riga ya galabaita fafe gora ne ranar tafiya. Idan an sani tun ciki yana wata biyar, akwai wata huɗu cur na shiri: a zaɓi inda za a haihu, likitan jarirai ya kasance a tsaye, a nemo maganin, dangi su tattara abin da za su iya. Cikin uwa shi ne motar asibiti mafi aminci da jariri irin wannan zai taɓa shiga. Gara a kawo shi asibitin koyarwa na Shika yana ciki da a ɗauko shi daga Giwa ko Soba a bayan mota yana shure-shure.

Bari in ba ki misali ɗaya da ke nuna bambancin sikanin biyun nan. Akwai ciwon da bututun biyu ke musayar mazauni, na jiki ya fito daga ɗakin dama, na huhu ya fito daga hagu. Idan mai hoto ya tsaya a ɗaki huɗu, zai ga zuciya tsaf, ya rubuta komai lafiya da zuciya ɗaya. Sai ya ɗaga sama ne zai ga bututun ba su gicciye ba, suna tafiya a jere kamar layin dogo. Jaririn nan da an haife shi jinin da ba iska zai yi ta zagaya jikinsa, mai iska kuma yana zagaya huhu, ba su haɗuwa sai ta tagar da gadar. Tun 1966 ake faɗaɗa tagar da ɗan balan-balan da ake zurawa ta jijiya, kuma a 1975 wani likita ɗan Barazil, Adib Jatene, ya yi nasarar yanke bututun ya mayar da kowanne mazauninsa. Aikin yana son a yi shi a makonnin farko na rayuwa, kuma inda ake yin sa a kan lokaci mafi yawan yaran suna girma su yi karatu su yi aure.

Ba zan ɓoye miki ba, a ƙasarmu gano ciwon ya fi gyara shi sauƙi. Tun 1974 aka fara aikin buɗe zuciya a Najeriya, a Inugu, kuma yau ana yi a wasu cibiyoyi kamar Legas da Abuja, amma aikin jariri ɗan kwanaki har yanzu wurarensa kaɗan ne, kuɗinsa da nauyi, iyalai da yawa sai Indiya. Akwai kuma nau'in da ko a Turai sai an yi aiki hawa-hawa, sakamakon ma ba tabbas. Na sha jin magidanta suna cewa to mene ne amfanin sani, ai sai ƙarin damuwa. Ba na raina wannan magana, amma ban yarda da ita ba. Kusan jariri ɗaya cikin ɗari ake haifa da matsalar zuciya, kuma kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai daga cikinsu ke bukatar aiki a shekarar farko. Nau'in da aka fi samu shi ne huda a katangar ɗakunan ƙasa, ƙanana da yawa suna toshewa da kansu yaro yana girma. Wasu, irin ciwon nan mai lahani huɗu da likitan Faransa Fallot ya bayyana a 1888, sukan ba da watanni a yi shiri. Wasu ma tun a ciki ake maganinsu: idan zuciyar ɗan tana gudu fiye da 200 a minti ba tsayawa, uwa ake ba ƙwaya, ta ratsa mabiyiya ta daidaita bugun. Ko a mafi munin hali, iyayen da suka sani ba sa yawo da jariri daga kemis zuwa mai magani, kuma ba a ɗora wa kishiya ko maƙwabciya laifin da ba nata ba.

Ke kuma lissafi yana gefenki. Idan ma ta tabbata zuciya ce ta yi sanadin na farko, yiwuwar ta maimaitu a ƙaninsa wajen biyu zuwa uku ne cikin ɗari. Wato abin da ya fi yiwuwa nesa ba kusa ba shi ne ki fito daga ɗakin hoton da albishir, ki samu barci a watannin da suka rage.

Ga sauran mata masu karanta wannan, waɗanda muke tura wa wannan hoto sun haɗa da mai ciwon suga tun kafin ciki, wadda ita ko mijinta aka haifa da ciwon zuciya, mai shan wasu magungunan farfaɗiya, wadda ta yi zazzaɓi da ƙuraje irin na rubela a farkon ciki, mai ciwon lufus (wanda garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi jikin mai ita), mai tagwayen da suka haɗa mabiyiya ɗaya, wadda aka yi wa dashen ciki, da wadda hoton mako na 11 zuwa 13 ya nuna ruwa ya yi kauri a ƙeyar ɗan. Auren zumunci na kusa ma yana ɗan ƙara yiwuwar. Mai farfaɗiya kada ta ajiye maganinta da kanta, ta je a duba ko za a sauya. Sai dai yawancin jariran da ke zuwa da ciwon iyayensu ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan, shi ya sa nake son kowace mai ciki ta yi hoton wata biyar ɗin nan ta kuma tambayi mai yi, ka ga ɗakuna huɗu, ka ga bututun biyu sun gicciye? Idan ya yi jim, ta san inda aka tsaya.

Hoton yana da iyaka. Tagar da gadar a buɗe suke ga kowane ɗan tayi, don haka ba mai iya cewa za su rufe bayan haihuwa ko za su ƙi. Ƙananan huda suna ɓuya. Tsukewar bututun jiki tana da wuyar kamawa ko ga gwanaye, wani lokaci ba ta bayyana sai gadar ta rufe. Idan ɗan ya juya baya, ko uwa tana da teɓa ko tabon tiyata, ana iya ce miki ki zaga ki dawo, ko ki dawo bayan mako biyu, kuma wannan ba alamar an ga wani abu ba ce. Haka nan idan aka ce an ga ɗan farin ɗigo a cikin zuciya, shi kaɗai ba ciwo ba ne, ba ya hana ta aiki.

Saboda wannan iyakar, ko hoton ya fito lafiya, a asibiti nake so ki haihu, kuma kada ki yi gaggawar komawa gida bayan 'yan awanni. Idan jaririn ya cika awa 24 ki nemi a maƙala masa 'yar na'urar nan mai jan haske da ke auna iskar jini, a hannun dama da ƙafa ɗaya. Ƙasa da 95 a sake aunawa, ƙasa da 90 a kira likita nan take. A fatarmu shuɗi ba ya fitowa a jiki kamar yadda littattafan Turawa ke nunawa, don haka ki riƙa duba harshe da dasashi da cikin leɓe. Ga mai tarihi irin naki ba laifi a yi wa jaririn eko nasa kafin suna.

Ranar awonki mai zuwa ki ba likita labarin yaron kamar yadda kika ba ni, da kwanan da ya fara da alamomin, ki nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, inda ake da likitocin mata, sashen hoto da likitocin yara a wuri guda. Idan ranar da aka ba ki ta yi nisa har za ta wuce mako na 24, a tambaya miki Asibitin Malam Aminu Kano, tafiyar ba ta da yawa. Ki sa a gwada miki suga. Ki guji sayen maganin ciwon jiki a kemis, musamman masu rubutun ibuprofen ko diclofenac a kwali, domin a watannin ƙarshe suna iya tsuke gadar nan tun ɗan yana ciki. Ranar hoton ba a azumi, ki ci abincinki, ki tafi da tsofaffin takardun sikanin da katin awo. Ki roƙi maigidan ya raka ki, in da hali ku tafi da Inna, a ba ta kujera kusa da allo ta ga ƙyamaren jikanta suna buɗewa suna rufewa.